Godiya ga duk wanda ya sa hannu a ranar kunkuru ta yaranmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, an yi lafiya an tashi lafiya. Ranar 23 ga Mayu, wadda ake ware wa kunkuru a duniya tun shekarar 2000, mun yi ta tare da yaran ajin farko na lakwal ɗinmu a nan Tawa. Kowa ya san yadda garin nan yake a wannan wata, kafin hantsi ƙasa ta fara ƙuna, amma babu yaron da zafi ya kayar, babu wanda ya ji ciwo, kuma kunkurun da muka je gani ya koma raminsa lafiya lau. Ni ce malamar ajin, kuma yaba kyauta tukwici, shi ya sa na ga ba zan yi shiru ba. Ban ambaci sunan kowa ba domin mafi yawansu sun roƙe ni kada in yi, amma kowa zai gane kansa.

Godiya ta farko ga Baba, dattijon unguwarmu da ya buɗe mana ƙofar gidansa. Kunkurun nan ya gaje shi ne daga mahaifinsa, kuma duk 'ya'yan gidan sun tashi sun tarar da shi. Da na je neman aro, Baba ya ce ba za a ɗora shi a amalanke cikin wannan rana ba, in muna so mu zo mu same shi inda yake. Gaskiyarsa. Muka jera yara tun da sassafe muka taka, kuma wannan shawara ita ce ta gyara ranar gaba ɗaya, domin da an kawo shi cikin aji da abin da yara za su gani bai wuce dabba a tsorace ta maƙale kai ba. A gidan kuwa sun gan shi yana fitowa daga ramin da ya haƙa da kansa a gindin katanga, ƙura a bayansa, yana jan ciyawa da bakinsa marar haƙori. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa zuri'a ta gaji wannan hali.

Sai jami'in gandun daji da ya bar aikinsa ya zo ya tsuguna a ƙasa daidai tsayin yara. Ban taɓa ganin mai kaki ya yi haƙuri da tambayoyin 'yan shekara shida kamar yadda ya yi ba. Kafin ya bari kowa ya matsa kusa, sai ya sa kowane yaro ya ɗora hannu a kan haƙarƙarinsa, sa'an nan ya shafa ƙashin bayan ɗan'uwansa daga wuya zuwa ƙugu. Daga nan ya gaya musu cewa ƙoƙon bayan kunkuru haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka haɗe, ba ɗaki ba ne da yake shiga ya fita, ba ya iya tuɓe shi, kuma akwai jini da jijiyoyi a ciki. Ya ba su izini su taɓa ɗaya bayan ɗaya, da yatsa biyu, daga baya. Da wata yarinya ta ɗan sosa gefen ƙoƙon, sai kunkurun ya tsaya da cin ciyawa ya motsa bayansa. Ihun da yaran suka yi, maƙwabta sai da suka leƙo. Na sha faɗa musu a aji cewa dabba tana jin zafi, amma sai a lokacin na ga maganar ta shiga.

A gefen ƙoƙon, can wajen wutsiya, akwai wata tsohuwar huda. Wani yaro ne ya hango ta ya tambaya. Baba bai ɓoye ba, ya ce a da haka ake yi, a huda a zura igiya a ɗaure don kada ya fita, kuma tun yana saurayi aka daina ɗaure wannan. Yaron ya sa hannu a haƙarƙarinsa ya yi tsit. Wannan amsa ta Baba ta fi min komai daraja a ranar, domin dattijo ne ya faɗa wa jikokinsa gaskiya ba tare da ya zagi iyayensa ba, ba kuma tare da ya ce abin da aka yi daidai ne ba.

Jami'in ya kuma bayyana wa mu manya abin da da yawanmu ba mu sani ba. Irin wannan kunkuru mai ƙaya a cinya na yankinmu ne na Sahel, daga Senegal da Muritaniya har Habasha da Eritiriya, kuma shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Babban namiji yana iya wuce kilo 50. Amma yana ƙarewa a daji: gonaki sun ci wurin zamansa, bisashe sun cinye ciyawar da yake rayuwa a kanta, ana kuma kwasarsa a sayar, wasu su ajiye a gida, wasu a fitar da su ƙasashen waje. Yana daɗewa kafin ya kai haihuwa, sai ya haura shekara goma, don haka duk babban da aka ɗauke daga daji ba nan kusa za a mayar da gurbinsa ba. A 2021 ƙungiyar IUCN, mai aikin kare dabbobi da tsirrai a duniya, ta sa shi cikin dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa, kuma tun 2000 yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin dabbobin daji, ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji don kasuwanci. Ya roƙe mu, ni ma ina maimaita roƙon ga iyaye: idan yaro ya dawo gida yana kukan a saya masa kunkuru saboda abin da ya gani, don Allah kada a saya. Kowane ciniki yana tura wani ya koma daji ya ɗauko wani. Na Baba ya riga ya tsufa a gida, kulawa ce haƙƙinsa, amma ba mu kai yara don su yi sha'awar mallaka ba.

Inna maginiya, ke kam ban san da wane baki zan gode miki ba. Ta zo da yumɓunta a kwaɓe tun daga gida, ta ƙi karɓar ko dala. Bayan mun dawo lakwal ta zauna ƙarƙashin runfa, ta ba kowane yaro curi ɗaya, ta nuna musu yadda ake dafe shi a bayan ƙaramin ƙoƙo ya ɗauki siffa, a liƙa ƙafa huɗu da kai da 'yar wutsiya. Da tsinke suka zana gidajen bayan. A gidan Baba sun riga sun ƙirga da bakinsu: biyar a jere a tsakiya, huɗu dama, huɗu hagu, sha uku ke nan banda ƙananan da suka zagaye gefe. Yaran da nake fama da su kan biyar a tara da huɗu a kan allo, ga su suna gyara wa juna, wannan ya ce naka sha biyu ne, saura ɗaya. Wani ya yi wa nasa haƙora, 'yan'uwansa suka taso masa sai da ya shafe. Inna ba ta taɓa zama a aji ba, amma yadda take kama hannun yaro ta bi da shi sau ɗaya sa'an nan ta sake shi ya yi da kansa, na koyi abu a wurinta. Allah ya yi wa sana'arki albarka, ya sa tukwanenki su fita daga wuta ba tsaga.

Baba mai gadi shi ya tara mana yashi ya yayyafa masa ruwa tun daren da ya gabaci ranar. Yara suka haƙa ramuka da hannu, kowa ya zura hannunsa har gwiwa, sa'an nan ya fito da shi ya ɗora a kan yashin da rana ta buga. Ba sai na yi dogon bayani ba, fatarsu ta gaya musu dalilin da ya sa kunkuru yake haƙa rami mai tsawon mitoci ya shige idan rana ta take, ya fito kiwo da safe da maraice. Wata yarinya ta ce cikin ramin kamar gindin randar innarta. Nan muka ƙara musu cewa a cikin ƙasa macen take binne ƙwanta, su yi watanni kafin su ƙyanƙyashe, kuma ɗumin ƙasar ne yake sa ɗan ya zama namiji ko mace. Wannan ya ba manya mamaki fiye da yara.

Uwayen yara na ƙungiyar lakwal, ku ne kuka riƙe ranar. Ku kuka kawo ruwan sanyi da fura, ku kuka tare hanya lokacin da muke tsallaka titi, ku kuka tsaya da buta da sabulu a ƙofar gidan Baba kuka hana kowa wucewa sai ya wanke hannu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kunkuru, ko lafiyayye, yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa gudawa da zazzaɓi, yaro kuwa hannunsa ba ya nisa da bakinsa. Ku kuka haɗa faifan abinci da yara suka rarrabe: ciyawa ɗanya da busasshiya da ganyen yakuwa a gefe ɗaya, tuwo da nama da biskit a ɗaya gefen, abin da ba a ba shi ko da zai karɓa. Wata uwa ta ce ta yi shekaru tana ganin ana zuba wa kunkuru sauran tuwo, ba ta san ana cutar da shi ba.

Na gode wa mushe direkta da kwamitin COGES mai kula da tafiyar da lakwal, da suka yarda da fitar tun ranar da na kawo maganar, da abokan aikina da suka riƙe mini rabin yara, da ɗan'uwanmu mai shago da ya ba da sabulu da kwali.

Abubuwa uku muka sa yara suka riƙe, ina roƙon iyaye su tambaye su a gida don kada su manta. Ba a kifar da kunkuru a bayansa, domin yana wahalar juyowa kuma rana tana iya kashe shi a haka. Ba a jefa shi a tabki, shi ba kififiya ba ne, bai iya iyo ba, nutsewa zai yi. Ba a ɗaga shi don wasa, saboda idan ya firgita yakan zubar da ruwan da ya adana a jikinsa, alhali da shi yake jure rani. Damina ta kusa, lokacin da aka fi cin karo da su a gona da hanyar kiwo. Wanda ya ga ɗaya ya bar shi ya wuce, wanda kuma ya ga mai rauni ko ana tallarsa ya sanar da ma'aikatan gandun daji.

Kunkurun yumɓu suna nan suna shan iska a inuwa, Inna ta ce ba za a sa su a rana ba don kada su tsage, kuma ta yi alkawarin gasa su tare da tukwanenta. Kowane yaro ya yi wa nasa alama a ciki, za a raba musu kafin hutun ƙarshen shekara. Uwayen da suka ba da aron ƙoƙuna da faifai su aiko a karɓa, an wanke an ajiye su a ofishin direkta.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya raya mana yaran nan, ya ba mu damina mai albarka. Amin.