Akwatin Katin Hoto na Waje: Abin da Nake Dubawa Kafin Na Sayar

Sana'ata ita ce haɗa wa masu kwamfutar tafi-da-gidanka katin hoto na waje, wato katin da ake sakawa cikin akwati na daban, a jona shi da kwamfutar ta waya guda, domin ta iya ɗaukar wasannin bidiyo masu nauyi waɗanda suka fi ƙarfin ɗan katin da aka ƙera ta da shi. Kamfanin namu ƙarami ne, ni ne da wasu 'yan ma'aikata, kuma muna sayar da akwatunan, muna zaɓar katin da ya dace da kowanne, muna haɗawa da gwadawa, muna kuma gyara idan wata matsala ta taso daga baya. Sai dai mafi yawan lokacinmu ba wajen ɗaure noti yake tafiya ba. Yana tafiya ne wajen bincikar kwamfutar da mutum ya zo da ita, domin mu san tun kafin ya fitar da kuɗinsa ko akwatin zai amfane shi ko kuwa asara zai yi.

Shi akwatin ba shi da wani ɓoyayyen sirri. Idan aka zare murfinsa za a tarar da na'urar ba da wuta irin ta kwamfutar tebur, da ɗan ƙaramin faifai mai gurbin PCIe (wato hanyar da kati ke musayar bayanai da kwamfuta) inda katin ke zama, da guntun da ke mayar da bayanan katin zuwa tsarin da waya za ta iya ɗauka, sai kuma fanka mai fitar da zafi. Razer Core X, wanda ya fito a 2018 kuma ya daɗe yana cikin waɗanda aka fi nema, yana da na'urar wuta mai wat 650, kuma yana iya mayar wa kwamfutar wutar caji har wat 100 ta wannan waya ɗaya. Tunanin ya girmi wannan akwati, domin tun a 2014 Alienware ya fitar da nasa mai suna Graphics Amplifier, amma da kafa ta musamman wadda ba ta aiki sai da kwamfutocinsa. Abin da ya buɗe wa irinmu ƙofar sana'a shi ne Thunderbolt 3, wani tsarin kafa da waya mai saurin ɗaukar bayanai wanda Intel ya sanar a 2015, saboda ya zo da siffar USB-C kuma kamfanoni da yawa sun sa shi a kwamfutocinsu, ta yadda akwati ɗaya zai iya yi wa kwamfutoci iri-iri aiki.

Duk hukuncin da nake yankewa a wannan aiki yana komawa ne ga ƙuncin hanyar da ke tsakanin katin da kwamfutar. A kwamfutar tebur, katin hoto yana zama a gurbi mai layuka 16, bayanai suna kai da komo a wadace. Ta Thunderbolt 3 kuwa layuka 4 kawai yake samu, kuma ko da yake an rubuta gigabit 40 a sakan a jikin kwali, rabon da katin ke samu bai wuce 32 ba, abin da ke isa gare shi a zahiri ma ya gaza haka. Kamar taron jama'a ne aka ce su shige ta ƙaramar ƙofa: komai hanzarin kowannensu, faɗin ƙofar ne zai yanke yawan waɗanda za su wuce a lokaci guda. Saboda haka katin da ke cikin akwati ba zai taɓa ba da duk abin da zai bayar a kwamfutar tebur ba, kuma wanda ya ce wa mai saye zai bayar, ya rufe shi ne.

Inda wannan ragi ke fitowa fili ya saɓa wa abin da yawancin masu saye ke zato, shi ya sa nake ɓata lokaci sosai wajen yin bayaninsa. Mutum yakan ɗauka cewa wasan da ya fi kyan gani, a allon 4K, shi ne zai fi shan wahala. Ba haka abin yake ba. Allon 4K yana da ɗigo fiye da miliyan 8, ninki huɗu na allon 1080p, don haka katin yakan daɗe yana aikin kowane hoto a cikin kansa, saƙon da ke bi ta waya kuma bai cika yawa ba, ragin sai ya zama kaɗan. Amma mai buga wasan harbi na gasa, wanda ke rage kyan hoto domin ya samu hotuna 144 ko 240 a sakan, yana tilasta wa kwamfutar ta riƙa aika umarni zuwa katin sau ɗaruruwa a kowane sakan, kuma kowane aike yana da ɗan jinkirinsa. A nan ne ake ganin lambar hotuna a sakan ta faɗi, ana kuma jin ɗan tsaiko lokaci zuwa lokaci, wanda ya fi faɗuwar lambar ɓata wa ɗan wasa rai. Wannan rukuni na masu saye su ne na fi yi wa gargaɗi, alhali su ne suka fi zuwa da ɗoki.

Sai kuma maganar allon da za a kalla. Idan aka jona allo na daban kai tsaye a bayan katin, ta HDMI ko DisplayPort, hoton da aka gama ba ya sake bi ta Thunderbolt. Idan kuwa mutum ya dage sai ya yi wasa a allon kwamfutar kanta, dole kowane hoto ya komo ta wannan siririyar hanya. Lissafin ba shi da wuya: hoto ɗaya na 1080p ya ɗan haura megabait 6, idan aka ninka shi sau 60 a sakan ya kai kimanin gigabit 3, idan kuma aka kai 144 ya haura 7. Saboda wannan dalili nake ɗaukar allon waje a matsayin ɓangare na sayayyar, ba ƙari ba, kuma ina faɗa wa mai saye ya sa shi cikin lissafinsa tun farko. Haka nan ma'ajiyar da ke jikin katin tana da nauyi a wannan tsari fiye da yadda take da shi a kwamfutar tebur, domin idan ta cika, katin zai riƙa aron wuri a ma'ajiyar kwamfutar, aron kuma ta waya zai bi. Kati mai gigabait 12 yakan fi mai gigabait 8 kwanciyar hankali a cikin akwati, ko da a takarda mai 8 ɗin ya ɗan fi shi sauri.

Binciken kwamfutar yana farawa ne daga kafar da ke gefenta, kuma a nan ne aka fi ruɗewa, saboda siffar USB-C iri ɗaya ce ko da abin da ke bayanta ya bambanta. Wata kafar caji da bayanai kawai take ɗauka, wata tana fitar da hoto, wata kuma ita ce ke ɗauke da PCIe, wadda ita kaɗai ce ke mana amfani. Alamar walƙiya kusa da kafar tana taimakawa, amma ba na tsayawa a kanta, ina neman cikakken bayanin samfurin daga wurin wanda ya ƙera shi. Akwai kwamfutoci masu Thunderbolt 3 da aka ba su layuka 2 maimakon 4, kuma babu abin da zai nuna haka a jikinsu. Thunderbolt 4, wanda ya zo a 2020, ya sauƙaƙa mana wannan, domin ya wajabta gigabit 32 na PCIe ga duk kafar da za ta ɗauki sunan. USB4 kuwa, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 2019 bisa tushen Thunderbolt 3, bai wajabta ɗaukar PCIe ga kowace kwamfuta ba, don haka sai an gwada. Masu Mac suna da nasu hukuncin: Apple ya amince da katin waje a hukumance a 2018, ga katunan AMD, amma kwamfutocin da ke da guntun Apple na kansa, tun daga M1 na 2020, ba sa karɓar katin waje domin wasa ko zane. Wanda ya zo da irin wannan, ina gaya masa nan take cewa babu akwatin da zai yi masa.

Bayan kafa sai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Siraran kwamfutoci da yawa suna da furosesa da aka tsara ta ci wat 15, kuma idan wasa ya yi tsawo, zafi yakan sa ta rage gudu domin kare kanta. Babu katin da zai cike wannan gurbi.

A teburin gwaji muna da akwati da kati waɗanda muka san halinsu, kuma da su muke fara jarraba kowace kwamfuta. Ina sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfutar, da manhajar Thunderbolt tukuna, sannan in jona gajeriyar wayar da ta zo da akwatin, in saurari fankar ta tashi, in jira Windows ta nuna katin a jerin na'urori ba tare da alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa a gefensa ba. Idan alamar ta fito da lamba 12, ma'anarta kwamfutar ba ta ware wa katin isasshen wuri ba, kuma wani lokaci sabon BIOS ko kashe wata na'ura da ba a buƙata yakan warware ta, wani lokaci kuma ba ta warwaruwa. Idan komai ya tafi daidai, sai in kunna ainihin wasan da mai kwamfutar ke bugawa, ba wani wasa da na zaɓa domin ya ba da kyakkyawar lamba ba, in bar shi ya ɗauki lokaci har jikin kwamfutar ya yi zafi a hannu, domin lambar mintunan farko ba ita ce gaskiya ba. Muna gwadawa a allon waje, mu gwada a allon ciki, mai ita yana zaune yana kallon bambancin da idonsa. Ita ma wayar tana da nata sharaɗi, domin wadda ba ta da guntun ƙarfafa saƙo a ciki tana riƙe cikakken gudu ne kawai idan gajeriya ce, tsakanin rabin mita zuwa ƙasa da mita ɗaya, kuma wayar cajin wayar hannu ba ta shiga wannan lissafi ko da bakinta ya shiga kafar.

Kafin a sayi katin kuwa sai na ɗauko abin awo na auna tsawonsa da kaurinsa da cikin akwatin, domin katunan yanzu sun yi girma, wasu suna cin gurbi uku ko fiye, murfi kuma ba zai rufu a kansu ba. Ina duba yawan wutar da katin ke ci da irin bakin wayar wutar da yake buƙata. Misali, katin RTX 3060 yana cin wat 170, RTX 4070 yana cin 200, RTX 4090 kuwa 450, kuma dole a bar sarari ga wutar da za ta koma cajin kwamfutar.

Mafi yawan gardamar da nake yi da masu saye a kan girman katin ne. Wani matashi ya taɓa ce mini, "Maigida, tunda zan kashe kuɗi, a sa mini mafi girma a wuce wurin." Na ce masa, "Malam, babban katin zai yi aiki, amma wani kaso na ƙarfinsa zai zauna a akwati yana jiran hanya, kuma ka biya kuɗin wannan kason." Muka gwada masa matsakaici da babba a wasan da yake bugawa a 1080p, ya ga tazarar ba ta kai yadda ya zata ba, ya ɗauki matsakaicin tare da allo mai kyau. A ganina wannan ita ce sayayyar da ta fi dacewa da yawancin mutane. Akwai kuma waɗanda nake ba su shawarar su bar akwatin gaba ɗaya. Wanda ba ya fita da kwamfutarsa ko'ina, kuɗin akwati kaɗai ya kai wani babban ɓangare na abin da zai haɗa masa kwamfutar tebur, wadda za ta ba katin dukkan layukansa. Wanda akwatin ya dace da shi shi ne mai yawo da siririyar kwamfuta da rana saboda aiki ko karatu, wanda ke son idan ya zauna ya jona waya ɗaya ya samu caji da allo da kati a lokaci guda, ba tare da ya raba fayilolinsa tsakanin na'urori biyu ba. Ina jin daɗin haɗa wa irin wannan mutum, domin abin da ya nema shi ne ainihin abin da akwatin ke bayarwa.

A 'yan shekarun nan hanyar ta fara faɗaɗa, kuma hakan ya sauya abin da muke ajiyewa. OCuLink, wani nau'in kafa da waya na daban, yana kai layuka 4 na PCIe ƙarni na 4 kai tsaye zuwa katin, kimanin gigabit 64 a sakan, ba tare da an nannaɗe su cikin wani tsari ba, saboda haka ragin yakan yi ƙasa sosai. Sai dai ba ya cajin kwamfuta, ba a cire shi ko a jona shi tana kunne, kuma an fi samun kafarsa a ƙananan kwamfutoci da na'urorin wasa na hannu. Ina haɗa shi ne ga wanda zai kiyaye ƙa'idar kashewa kafin ya taɓa waya, kuma nakan sa ya maimaita matakan a gabana kafin ya tafi. Thunderbolt 5, wanda Intel ya sanar a 2023, ya ninka gudun zuwa gigabit 80 kuma ya ba PCIe 64, tare da caji da damar cirewa a kowane lokaci. Amma sabon akwati ba ya ƙara wa tsohuwar kafa komai, domin haɗin yana tafiya ne da gudun wanda ya fi rauni a cikinsu, don haka mai Thunderbolt 4 da ya zo neman akwatin Thunderbolt 5 nakan tambaye shi ko yana da niyyar sauya kwamfutar nan kusa. Idan ba shi da ita, sai in haɗa masa akwatin da ya dace da kafar da yake da ita, ragowar kuɗin kuma ya ƙara a kan kati mai isasshiyar ma'ajiya.