Ranar yanke hukunci kan nazarce-nazarcen matasa

Asabar

Tun da hantsi na share tebur na kafa allo, domin yau na ɗiba wa kaina in kammala hukunci kan nazarce-nazarcen ƙarshen wasan ces (chess) da matasa suka aiko wa gasar. Mai shirya gasar ya turo mini su babu suna, babu ƙasa, sai lamba a saman kowane zane, kamar yadda aka saba. Abin da kawai na sani shi ne duk masu su matasa ne, wataƙila ma wasunsu wannan ne karon farko da suka tsara abu suka miƙa wa baƙon ido.

Ga wanda bai saba da harkar ba, nazari ba wasa ba ne da mutum biyu suka buga. Mutum ɗaya ne yake zama ya jera ’ya’ya kaɗan a kan allo, ya ce Fari ne da tafiya kuma zai yi nasara, ko kuwa zai tsira da canjaras. Sharaɗin mai tsauri ne: a kowace tafiya ta Fari hanya ɗaya tak ce take kaiwa ga buri. Idan aka samu ta biyu, aikin ya tsage. Bayan wannan sai a zo kan abin da ya sa ake yinsa tun farko, wato dabarar da ke ɓoye a ciki, wadda za ta sa mai warwarewa ya ɗago kai ya sake duban allon.

Aikin safe na tantance lafiyar nazarce-nazarcen ne, wato a ga ko akwai ɓaraka, kuma yanzu ya yi sauƙi ƙwarai. Duk matsayin da ’ya’yansa ba su wuce bakwai ba, har da sarakunan biyu, kwamfuta ta riga ta warware shi tas. An kammala rumbun farko na ’ya’ya bakwai a Jami’ar Mosko a 2012, na Syzygy kuma ya kai bakwai a 2018, kowa na iya duba shi a intanet kyauta. Ka jera matsayin, nan take a gaya maka nasara ce ko canjaras, da kuma tafiye-tafiyen da suke riƙe da sakamakon. Abin da ya haura bakwai sai in ba Stockfish, injin kwamfuta mai lissafin ces, in kuma bi shi da idona, don injin yakan nuna Fari na da rinjaye a inda babu hanyar shiga. Su Troitski da Kasparyan, manyan masu tsara nazari na da, da hannu da ƙwaƙwalwa suka yi nasu binciken, shi ya sa daga baya kwamfuta ta gano ɓaraka a wasu tsofaffin ayyukan da suka ci kyaututtuka. Wannan bai rage musu daraja a idona ba ko kaɗan.

Kafin rana ta take, wasu sun faɗi. Mai lamba 4 ne ya fi yi mini ciwo. A tafiya ta uku mai shi yana so a kai hasumiya bayan sojan Baƙi, ya kuma rubuta bayani mai tsawo, da alama ya sha wahala a kansa. Sai ga rumbu ya nuna cewa idan sarkin Fari ya ja da baya gida ɗaya, nan ma nasara ce. Ba ƙaramin saɓani ba ne irin na sauya jerin tafiya, wanda alƙali kan iya kau da kai. Hanya ce daban gaba ɗaya, ba ta ma bi ta kan dabararsa. Na zauna na bi ta har ƙarshe a kan allo, sai na ga ta fi tasa kyau nesa ba kusa ba.

Nan na tuna da abin da ya faru a Gilasgo a 1895. Wani mai rubuta shafin ces a jarida, Barbier, ya buga matsayi yana cewa canjaras ne: sarkin Fari a b6 (harafi da lamba sunan gida ne a kan allo), sojansa a c7, sarkin Baƙi a a1, hasumiyarsa a d5. Baƙi ne da tafiya, hasumiya ta yi ta bin sarki da barazana, shi kuma yana gangarowa har ya iso c2. Sai hasumiya ta tsaya a d4, tarko ke nan: idan soja ya kai gidan ƙarshe a c8 ya zama sarauniya, hasumiya za ta faɗa c4 ta ba da kanta, sarauniya ta ci, sarkin Baƙi ya maƙale babu inda zai taka, canjaras. Wani limamin coci ɗan Sifen mai suna Saavedra ya karanta, ya ce a’a, a mai da sojan hasumiya. Yanzu ana shirin kashe sarki daga a8, dole Baƙi ya tare da hasumiyarsa a a4, sai sarkin Fari ya tako b3, yana neman hasumiyar, yana kuma buɗe hanyar kisa a c1. Gyaran mai karatu ne ya mai da matsayin abin da har yau ake koyar da shi. Don haka a bayanina ga lamba 4 ban tsaya a kan “bai inganta ba” kawai ba. Na rubuta masa tafiyar, na ce ya rushe ginin ya sake ɗora shi a kan wannan ja da bayan, domin can dukiyar take.

Bayan na ɗan huta sai na shiga neman magabata, wato ko wani ya riga ya yi irin dabarar. A nan rumbun Harold van der Heijden na ƙasar Holan ne madogara. Bugunsa na 2020 yana ɗauke da nazari sama da 93,000. Matashi ba shi da laifi idan bai san duk abin da ke ciki ba, amma alƙali ba shi da uzuri.

Lamba 9 ba ya ma buƙatar bincike. Ina ganin sarki ya kama hanyar karkace na san inda aka dosa: nazarin Reti na 1921. Sarkin Fari a h8, sojansa a c6, sarkin Baƙi a a6, sojansa a h5. Da ganin ido Fari ya hallaka, don ba zai kamo sojan Baƙi ba, nasa kuma yana bakin kura. Amma sarki ya bi g7, f6, e5, kowane taku yana kusantar da shi ga abu biyu a lokaci guda: ko ya kamo mai gudu ta f4, ko ya agaza wa nasa ta d6. Matashin ya ƙara musayar ’ya’ya a farko, sannan ya sauka kan wannan matsayi kusan daidai, an dai juya allon. Ban ɗauka sata ba ce. Na fi zaton ya gani ne ya ƙaunace shi, ya so ya yi masa sabuwar riga. Sai dai gabatarwar ba ta ƙara komai ba, har akwai bishof da aka ci bai taɓa motsawa ba, an ajiye shi ne kawai don a ci. Ba zai shiga jerin ba. Na ba shi shawara ya duba yadda Girigoriyef, wani tsohon mai tsara nazari, ya yi da ƙarshen wasa na sojoji zalla, ya ga irin zurfin da ake samu ba tare da an cika allo ba.

Abin da ya cinye mini yammacin nan kuwa shi ne lamba 12 da lamba 6, don a tsakaninsu kyautar farko take.

Lamba 12 doguwa ce, ta haura tafiya ashirin, ’ya’ya bakwai, babu ɓaraka ko ɗaya. Kowace tafiya ta Fari ita kaɗai ce, rumbu ya tabbatar. A tsakiyarta akwai matsayin da duk wanda tafiya ta faɗo kansa shi ne ya cutu. Mafi sauƙin misalin irin wannan shi ne sarkin Fari a d6, sojansa a e7, sarkin Baƙi a e8. In Baƙi ne da tafiya, dole ya fita f7, sarkin Fari ya hau d7, soja ya zama sarauniya. In Fari ne, ko ya taka e6 Baƙi ya maƙale, ko ya saki sojan a cinye. Wannan ko ɗan koyo zai gane shi cikin minti ɗaya. Na lamba 12 kuwa, na zauna a gabansa ina tambayar kaina me ya sa sarki zai je wannan gida ba na kusa da shi ba, ban sami amsar da zan iya faɗa da baki ba. Na duba bayanin mai shi, shi ma bai faɗa ba. Jerin rassa ne kawai, kowanne yana ƙarewa da “nasara” bayan wata doguwar tafiya. Alama ce ta cewa an tono matsayin ne daga rumbu, aka ɗora masa kai da wutsiya.

Ba na cikin masu ƙyamar wannan. Manyan masu tsara nazari na yau suna amfani da rumbu, kuma sun fito da abubuwan da hannu kaɗai ba zai taɓa kaiwa gare su ba. Tono ma gwaninta ne. Amma wanda ya tono sai ya wanke, ya zaɓi inda dalili yake bayyana, ya yanke sauran. Nazari saƙo ne daga mutum zuwa mutum. Idan mai aikawa bai fahimci abin da ya aika ba, mai karɓa me zai yi da shi?

Lamba 6 gajeriya ce, ta neman canjaras. Fari yana da soja da ke hanyar c7, da wani can gefe a layin h wanda kamar ba ruwansa da rigimar. Hanyar da kowa zai fara bi ita ce a tura na c kai tsaye. Baƙi ya riga ya yi sarauniya, ta zo b6 ta yi wa sarkin da ke b8 barazana, sarki ya shige kusurwa a a8. Tsohuwar dabara ce: in sarauniya ta ci c7, sarki ba shi da b8, ba shi da b7, ba shi da a7, ya maƙale. Amma a nan ba ta aiki, saboda sojan h yana nan da ransa, yana da tafiya, don haka babu maƙalewa, sarauniya ta ci ta koma ta tare shi. To, me matashin ya yi? Tun a tafiya ta biyu, kafin a ga ko inuwar kusurwar, ya tura sojan h ya ba da shi, a lokacin da dole dokin Baƙi ya ci. Daga nan wasa ya bi sawunsa na farko taku bayan taku, dokin ya tafi a musaya kamar yadda yake tafiya a waccan hanyar, aka iso matsayi iri ɗaya sak, bambancin kawai babu sojan h. Sarki ya shiga a8, Baƙi ya rasa ta yi.

Na daɗe a kan tambaya ɗaya: shin ba da sojan yana yin wani amfani na biyu, kamar janye doki daga inda ake buƙatarsa? Da haka ne, da dabarar ta gauraye, don za a iya yin tafiyar saboda wani dalili na kusa. Na jera matsayin ƙarshe na hanyoyin biyu gefe da gefe, na bi su gida gida. Babu wani bambanci sai wannan soja. Dalili ɗaya ne, tsaf. A rumbun magabata maƙalewar kusurwa tana nan birjik, ba sabuwa ba ce, kuma zubar da soja don a samu maƙalewa shi ma an yi shi. Amma wannan shiri, da wannan ƙarancin kaya, ban same shi ba. Na ji daɗi ƙwarai. Duk wanda ya tsara wannan ya san abin da yake son nunawa, ya kuma san inda zai tsaya.

Ana cikin haka mai shirya gasar ya rubuto: “Malam, a dai tausaya musu, yara ne.” Na gane nufinsa, kuma nufin alheri ne. Na amsa masa cewa mudun awo ɗaya ne da na manya, abin da zai bambanta shi ne tsawon bayani. Idan na ba aiki mai ɓaraka yabo don mai shi yaro ne, gobe zai kai irinsa wata gasa a jefar masa ba tare da kalma ɗaya ba, bai kuma san dalili ba. Kubbel, shahararren mai tsara nazari, tun yana ɗan shekara goma sha wani abu ake buga ayyukansa tare da na manya. Hukumar tsara matsalolin ces ta duniya ma tana da gasar matasa tun 2016, kuma babban amfanin irin waɗannan gasanni shi ne yaro ya ji ta bakin wanda ya zauna ya duba aikinsa da gaske. Tausayin da nake iya yi musu shi ne kada kowa ya tafi hannu rabbana: wanda bai shiga jeri ba ma ya samu sakin layi nasa, a nuna masa tafiyar da ta karye, a ambata masa abu ɗaya da ya yi daidai, in akwai tsohon nazarin da ya kamata ya gani a gaya masa mai shi da shekara.

Don in daidaita tunanina na auna su da ma’aunin da ake zaɓen ayyukan kundin FIDE, wato tarin zaɓaɓɓun ayyuka na duniya, inda kowane alƙali cikin uku yake ba da maki daga 0 zuwa 4. Ba za a buga makin ba, nawa ne ni kaɗai, amma yana hana ni ruɗuwa da tsawo ko yawan rassa. Lamba 6 ta hau sama. Lamba 12 na sa ta a ambaton girmamawa, domin aikin da ke cikinta na gaske ne, na kuma roƙi mai ita ya gwada yanke ta a daidai matsayin tsakiya, ya nemo hanyar yaudara da za ta kai Fari can da tafiya a kansa, yadda mai kallo zai ga bambancin da idonsa. In ya yi haka, abin kyauta ne a ko’ina.

Da dare na tura wa mai shirya gasar jerin na wucin gadi, wanda zai zauna a buɗe na wani lokaci domin duk mai ƙorafin ɓaraka ko magabaci ya kawo. Na roƙe shi ya aika wa mai lamba 4 bayaninsa tun yanzu, kada ya jira fitowar sakamako, ko zai fara gyara da zafinsa. Saura lamba 15, mai ’ya’ya tara, wadda injin bai tsaya a kan magana ɗaya ba a wani reshe na tafiya ta biyar. Na bar shi yana lissafi, gobe in Allah ya kai mu zan bi reshen da hannu kafin in sa mata matsayi.