A ina ka tsince shi?

Tun da zinariyar Jado ta ɓulla a 2014, duk wanda aka san ya karanci ilimin duwatsu a Damagaram ya samu aiki na biyu da ba a biyansa. Ni darasin SVT, wato kimiyyar rayuwa da ta ƙasa, nake koyarwa a lise, amma da wuya wata ya wuce ba a sallama mini da ƙullin tsumma ba, a kwance shi a hankali, a ce: "Malam, duba mana wannan, Allah ya sa lu'ulu'u ne." Babban darasin da wannan aiki ya koya mini shi ne ƙyallin dutse ba hujja ba ne. Tambayar da ta fi amfani ita ce a ina aka tsince shi, don lu'ulu'u yana da inda yake samuwa, ba ko'ina ba.

Kabon ne zalla, irin wanda ke cikin bakin fensir. Bambancin yana ga yadda ƙwayoyin suka kama juna. A bakin fensir kowace ƙwaya ta riƙe uku, suka yi falle-falle masu zamewa, shi ya sa yake barin baƙi a takarda. A lu'ulu'u kowace ta riƙe huɗu ta kowane ɓangare, babu ta inda zai saɓule. Kafin kabon ya yarda ya zauna haka, sai an kai zurfin kilomita 150 zuwa 200 a ƙarƙashin ƙasa, inda zafi ke tsakanin digiri 900 da 1300, matsi kuma ya ninka na iskar da muke shaƙa wajen sau 50,000. Idan zafi ya yi yawa a kan matsin, bakin fensir za a samu. Shi ya sa lu'ulu'u ya fi samuwa ƙarƙashin tsofaffin sassan nahiyoyi, masu kauri da ɗan sanyi, waɗanda suka daɗe ba su motsa ba.

Kowace shekara sai ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce ai gawayi ne ke zama lu'ulu'u in ya daɗe. Nakan mayar masa da tambaya: gawayin Anu Araren da ake haƙowa kusa da Cirozerin, daga me ya samu? Daga itatuwan da suka binne. To, yawancin lu'ulu'u sun kai shekara biliyan 1 zuwa sama da biliyan 3, lokacin ko ciyawa ba ta tsiro a doron ƙasa ba, balle itace. Kuma gawayi bai wuce ƴan kilomitoci a ƙasa. Ko kusa ba su haɗa hanya ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne fitowar lu'ulu'u. Ba mai iya haƙa zuwa can, sai dai wani irin aman wuta mai tasowa daga zurfi, cike da iska, ya kwaso shi a guje ya kawo sama cikin sa'o'i ko ƴan kwanaki. Da tafiyar ta yi jinkiri da ya rikiɗe a hanya. Narkakken dutsen nan ba shi ya haifi lu'ulu'un ba, ɗan dako ne kawai, don sau da yawa kayan sun girme shi nesa ba kusa ba. Ana kiransa kimbalait, daga garin Kimbali na Afirka ta Kudu, inda aka fara haƙar wani babban ramin lu'ulu'u a 1871. Kuma mafi yawan irin waɗannan ramuka ba su da abin da zai biya kuɗin haƙa. Wanda ke ba da karat 1, wato kashi ɗaya cikin biyar na giram, a tan guda na dutse, mai arziki ne ƙwarai.

Yanzu a dubi ƙasarmu. Manyan duwatsun da ke zaune a unguwar Birni giranit ne. A cikin ɓawon ƙasa suka daskare, can sama da inda lu'ulu'u ke samuwa, kuma yankinmu ya sha motsi da zafi wajen shekara miliyan 600 da suka wuce. Tsohuwar ƙasa mai kauri tana yamma da mu, shi ya sa ake jin labarin lu'ulu'un Kono a Saliyo, Akwatiya a Gana, da Segela a Kodebuwa. Abin da giranit ɗinmu ke bayarwa a yalwace shi ne farin dutsen ƙanƙara, kwartz.

Wani dattijo ya taɓa kawo mini guda uku, garau kamar ruwan sama, ya ce ya gwada sun karce gilashin taga. Na ce: "Baba, gilashi ai ba shaida ba ne, dutsen ƙanƙara ma yana karce shi." A ma'aunin tauri gilashi bai kai 6 ba, kwartz 7, lu'ulu'u 10. Na miƙa masa madubin ƙara girma muka ƙirga tare: dogon jiki mai gefe shida, da tsini a kai, da ƴan layuka a gicciye. Ɗanyen lu'ulu'u yawanci fuska takwas gare shi, kuma bai cika ƙyalli ba, sai ka ce an shafa masa mai. Ya yi shiru, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya mayar da su aljihu, wai jikoki za su yi wasa da su.

Masu neman gaske ma ba lu'ulu'un suke fara nema ba. Yashi suke tankaɗewa suna neman abokan tafiyarsa, wasu jajayen ƙwayoyi da ake kira garnet da baƙaƙen ilmenit, don sun fi shi yawa. A Botswana, inda rairayin Kalahari ya binne komai, gara ce ta taimaka: tana nutsawa neman laima, tana fito da ƙwayoyin a kan suri. Irin wannan bin sawu ne ya kai masu bincike ga Orapa a 1967, daga baya kuma Jwaneng. Tun da na fara ba da wannan labari a aji, sai ɗalibai su riƙa kawo mini ƙasar suri daga hanyar Mirriya a cikin leda. Muna wanke ta a faranti, mu duba, mu rubuta abin da muka gani da inda aka ɗebo.