Godiya bayan ƙaddamar da littafina a kan zamanin Sarki Hezekiya

Salama a gare ku, 'yan'uwa da abokan arziki. An yi taro an tashi lafiya, baƙi sun koma gidajensu, sai yanzu na samu zama in yi godiya yadda ya kamata, domin ranar ƙaddamarwa baki bai iya faɗar rabin abin da ke zuciya ba.

Ɗaukaka ta tabbata ga Ubangiji da ya ba ni rai da lafiya har littafin ya fito. Ga waɗanda ba su samu zuwa ba, ƙagaggen labari ne da na ɗora a kan shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da Sennakerib sarkin Assuriya ya kawo wa Yahuza yaƙi a zamanin Sarki Hezekiya. Jarumin labarin wani mahaƙin dutse ne, iyalinsa suna Lakish, wani gari a ƙasar Yahuza, shi kuma yana aikin ramin ruwa a Urushalima. Shi ne na ƙago. Yaƙin da ramin kuwa na tarihi ne.

Baba Malam, tsohon malaminmu na Tsohon Alkawari, ranka ya daɗe. Tun kafin in ɗora alƙalami ka ja mini kunne cewa kada in kuskura in sa sulalla a hannun kowa, domin a Yahuza ta wancan lokaci azurfa ake aunawa da ma'auni. Ka ce tukunyar matar jarumin ta tsaya ga sha'ir da alkama da man zaitun da ɓaure, babu masara babu tumatir. Kai ne kuma ka sa na ajiye 2 Sarakuna 18 gefe guda da rubutun da Sennakerib ya bari, inda yake alfahari ya ci garuruwa 46 masu ganuwa, ya kulle Hezekiya a Urushalima kamar tsuntsu a keji. Dukansu biyu sun ce zinariya talanti 30 (talanti ma'aunin nauyi ne na wancan zamani) Hezekiya ya biya. A azurfa ne suka rabu: Littafi Mai Tsarki ya ce 300, shi ya ce 800. Na so in ɓoye wannan bambanci, ka ce in bar shi a fili, mai karatu ba yaro ba ne. Kuma duk cika bakin sarkin, bai ce ya ci Urushalima ba. Allah ya ƙara maka lafiya, Baba.

Akwai mutumin da bai iya karatu ba, amma babi mafi kyau a littafin nasa ne: dattijon da ya haƙa rijiyar gidanmu. Ramin da ya kawo ruwa daga maɓuɓɓugar Gihon zuwa tafkin Siluwam ya kai mita 533, a murɗe yake tafiya cikin dutse, kuma daga ɓangare biyu aka haƙo shi aka haɗu a tsakiya. Rubutun da aka gano a jikin bangonsa a 1880, wanda yanzu yake gidan tarihi a Istambul, bai ambaci sunan sarki ba. Labarin ma'aikata ya bayar: saura kamu uku su haɗu sai aka ji muryar mutum yana kiran ɗan'uwansa. Da na ba dattijon nan wannan labari, sai ya miƙo mini tafin hannunsa duk kanta, ya ɗora shi a jikin bango, ya ce a cikin dutse hannu ne ke riga kunne jin bugun diga. Ya gaya mini yadda fitila ke dusashewa idan iska ta yi ƙaranci a ƙasa, da yadda ake mayar da diga maƙera idan bakinta ya dakushe. Babu littafin da ya koya mini wannan. Na gode, Baba, kuma na ji daɗi da ka zauna a sahun gaba.

Ƙanena da ke karatu a Ingila, kai ma ka yi ɗawainiya. Ka je gidan tarihi na British Museum a Landan ka ɗauko mini hotunan sassaƙen yaƙin Lakish da aka kwaso daga fadar Sennakerib a Nineba. Sojoji ba su dame ni ba kamar mutanen da ke fita ƙofar gari, mata da ƙunshin kaya a kafaɗa, yara a kan keken shanu. Duk wanda ya taɓa ganin mutanen ƙauye sun baro gida saboda tashin hankali ya san wannan tafiya. Daga nan matar jarumin ta samu fuska.

Ina kuma gode wa dattijon ikilisiya da ya ƙi amincewa da aikin tun farko, yana tsoron kada in ƙara wa Maganar Allah abin da babu. Tsoronsa yana kan hanya, kuma shi ya sa ban sa wa annabi Ishaya ko kalma ɗaya a baki ba sai abin da ke rubuce. Inda Nassi ya yi shiru, talakawan da na ƙago ne kaɗai suke magana. Ya zo taron, ya sayi littafi, ya kuma ce har yanzu akwai wurin da za mu tattauna. Ina jira, Baba.

Maƙwabcina, malamin Hausa, Musulmi ne, ya bi rubutun layi-layi yana gyara mini ƙa'idar rubutu ba tare da karɓar ko sisi ba. Malam, Allah ya bar zumunci. Zumuntar mata da suka yi waƙa da girki, matasa da suka jera kujeru, masu ɗab'i da suka yi haƙuri da ni, da duk wanda ya sa hannu a aljihu, Allah ya mayar muku da ninki.

Uwargida, ke kika riƙe gida daren da nake zaune da takardu, kika kuma fara karanta kowane babi kafin kowa. Sauran godiyarki a gida zan yi.

Waɗanda suka biya ba su karɓi nasu ba, littattafanku suna ajiye, za a kawo muku cikin makon nan. Wanda ya karanta ya ga wurin da tarihi bai zauna daidai ba, don Allah ya sanar da ni da lambar shafin, za a gyara a bugu na gaba.