Sai a nemi littafi na biyu

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan mun ci tuwo, 'yar ƙanwata ta miƙo mini wayarta wai in ga bangon littafinta. Bango dai ya yi kyau, ba ƙarya: wata yarinya da lulluɓi tana hawaye, ga suna da manyan baƙaƙe, can ƙasa kuma lambar asusun banki da "naira 500 kacal". Ta ce mutum 40 da ɗoriya sun riga sun biya, ta zuba su a guruf na WhatsApp, kullum da daddare za ta riƙa sakar musu shafi. Na ce shafi nawa kika rubuta? Ta ce tara. Na ce to yaya labarin zai ƙare? Ta yi dariya ta ce, "Haba Kawu, ai in ana tafiya zai zo da kansa."

Gabana ya faɗi, domin da bakina na taɓa faɗin wannan maganar a 1996.

Lokacin ina koyarwa a firamare, kasuwar littattafan soyayya kuwa tana ci a Kano. In ka bi ta Bata, bakin kasuwar Sabon Gari, za ka ga littattafai jibge kamar buhunan gero, 'yan mata na ɓoye su cikin hijabi, masu haya na ba da su a unguwanni. Su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da sauran 'yan ƙungiyar marubuta ta Raina Kama sun riga sun buɗe hanya, sai kowa ya ga ai shi ma zai iya. Al'adar lokacin ita ce a raba labari gida biyu ko uku, a tsinke shi daidai inda ran mai karatu ya rataya. Na rubuta nawa a littattafan aikin ɗalibai guda uku, na sayar da babur ɗina, na kai wa mai tafireta, daga nan sai maɗaba'a. Kwafi 2,000 a takardar jarida. A shafin ƙarshe na bar yarinyar tsaye a tashar mota da jaka, an ɗaura mata aure da wanda ba ta so, na rubuta da gadara: sai a nemi littafi na biyu.

Ban san inda motar za ta kai ta ba. Wallahi ban sani ba.

A yi mini adalci dai, ba ni kaɗai ne na yi haka ba, kuma kuɗin buga littafi mai kauri ba ni da su. Tsarin kasuwar kenan: ka buga na ɗaya, dillali ya karɓa bashi, in ya sayar ya ba ka, ka buga na biyu da kuɗin. Nawa dillalin sai da na yi watanni ina sintiri a shagonsa, yau ya tafi ɗaurin aure, gobe yaron shago bai san inda aka ajiye littafin lissafi ba. Shekaru na yi ina ɗora masa laifin. Na kuma riƙa kafa hujja da cewa ai Magana Jari Ce ma littafi uku ne. Abin da ba na faɗa shi ne Abubakar Imam ya zauna a Zariya ya gama aikinsa, kuma duk inda ka buɗe labarin da ke ciki yana da kai da gindi. Ni kuwa ko da dillalin ya biya ni a ranar, ba ni da abin kai wa maɗaba'a. Sau huɗu ina fara na biyun. Na kai ta Legas, bai yi ba. Na kashe mijin, sai labarin ya mutu tare da shi. Ashe tun a babi na uku na ɓata abin, na kashe kakar da ita kaɗai za ta iya warware rigimar, kuma ga shi an buga, yana hannun mutane, babu gyara.

Wasiƙu sun yi ta zuwa akwatin gidan wayar makarantarmu. Wata daga Gusau ta rubuto sau uku, ta ƙarshe layi ɗaya ce: Malam, ko mutuwa ka yi? Ita ce har yau take hana ni sakat.

Na zauna da niyyar in jero wa 'yar ƙanwar tawa shawarwari goma, da na tashi faɗa sai na ga ba su kai ba. Na ce mata ki gama tukuna. Ki rubuta har ƙarshe ko da ya yi muni, ki ajiye shi wata guda, ki dawo ki karanta da ƙarfi kamar za ki karanta a rediyo. Kada ki karɓi ko sisin kowa a kan abin da bai wanzu ba, wannan bashi ne. In dogon labari ya fi ƙarfinki yanzu, ki gwada gajere. Gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 take karɓar gajerun labaran mata, kuma a kalma 1,500 babu wurin ɓuya, dole labari ya sauka.

Na ce kada ki nuna wa kowa sai kin gama. Can kuma na ce ki nemi mutum ɗaya da ba ya jin kunyarki ki riƙa nuna masa tun yanzu, don da wani ya ga babina na uku da kakar nan tana raye. Ta ce to wanne zan ɗauka? Na ce duka.

Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu shi ne gaggawa. Mu aƙalla sai mun sayar da babur. Ku bango a minti goma, a yi shafi da babban yatsa ana kallon fim, babu ƙugiya, babu aya, "ƙasa" da "kasa" duk ɗaya, rabin jimla Turanci. Masu karatu su ce a kashe kishiya, washegari a kashe ta. Amma kuma, don kar in zama tsohon banza, na karanta wasu daga cikin na wayar nan, labaran gudun hijira da na masu garkuwa da mutane da na binciken kisa, har da na aljanu, na ga abin da mu ba mu yi ƙarfin halin taɓawa ba. Akwai masu hannu a cikinku. Ki karanta su, ki kuma karanta na da, ba don ki kwaikwaya ba, don ki ga yadda ake sauke labari ba a jefar da shi ba.

Ta saurare ni tana juya wayar a hannu. Na ce ki mayar wa mutane kuɗinsu. Ta ce ta riga ta sayi data da rabi. Daga nan ta yi shiru, sai ta ce, "Kawu, naka ɗin yana nan? Ka ba ni in karanta, wataƙila in san inda motar za ta."

Akwai sauran kwafi 11 a cikin adakar mahaifiyata, gara ta ci gefen biyu. Na ce mata zan duba.