Sai da muka bi ta Turai muka san hanyar Maraɗi

Ni malamin jami'a ne a arewacin Najeriya, fannina kimiyyar ƙasar noma. Duk shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa zama da wani malamin jami'a daga Nijar mun yi maganar aiki ba, alhali daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita ɗari ba. Abin da ya haɗa mu saƙon imel ne daga wata jami'a a Turai. Suna neman kuɗin bincike a kan itatuwan cikin gona a yankin Sahel, masu ba da kuɗin kuma sun ce sai da jami'o'in Afirka a ciki. Suka ɗauko mu, suka ɗauko wata jami'a a Nijar. Saura 'yan kwanaki a rufe karɓar takardu, aka ce in turo tarihin aikina da wasiƙar amincewa daga shugaban jami'armu. Na tura ina murna.

Sai bayan an ba da kuɗin na zauna na karanta takardar tun daga farko har ƙarshe. An riga an rubuta tambayar binciken, an raba kuɗi, an raba aiki. Su ne masu tsarawa da yin nazari, mu ne masu shiga ƙauyuka mu ɗebo ƙasa, mu auna kaurin itatuwa, mu cika takardun tambayoyi. Abin da ake son sani shi ne yawan iskar kabon da itatuwan gona ke zuƙewa su adana a jikinsu da cikin ƙasa. Tambaya ce mai kyau, ba na raina ta. Amma ba a teburinmu aka haife ta ba, kuma ni da hannuna na amince ban nemi ganin komai ba.

Akwai dalilin da ya sa idon duniya ke kan Maraɗi da Damagaram. Bayan farin 1973 da na 1984 gonakin can sun zama fili fetal, iskar bazara na binne shuka da rairayi har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku. An kashe kuɗi wajen dashen itatuwa, yawancinsu suka mutu. A 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi ya lura cewa 'yan tsirran da ake sarewa lokacin sassabe ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun da, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. In manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, cikin 'yan shekaru sai ga itace. Mutanen can na ce masa sassaben zamani. Daga baya masana irin su Mahamane Larwanou na Nijar da Chris Reij na Holan da Gray Tappan na Amurka suka bi sawun abin, aka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbin na tauraron ɗan Adam, aka ƙiyasta cewa fili kusan hekta miliyan 5 ya farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200. Manoma ne suka yi wannan da adda da lauje. Mu kuwa a wannan gefen iyaka, ƙasa iri ɗaya, harshe ɗaya, kowace damina sai a yi bikin dashen itace, a jera dogon yaro da turare, kafin rani ya ƙare awaki da ƙishirwa sun gama da mafi yawansu.

Taronmu na farko ta intanet aka yi, kuma bai yi daɗi ba. Mu Turancin Ingilishi, mutanen Nijar Faransanci, wata Baturiya na fassara a tsakani, layi na yankewa. Na tashi da tunanin cewa abokan aikin nan na Nijar ba su da sakin jiki. Da aka zo haɗuwa ido da ido a Kano, an fita shan shayi, sai jagoransu ya matso ya miƙo mini hannu ya ce, “Malam, ina gajiya? Ya iyali?” Wallahi sai na ji kamar an sauke mini kaya. Kafin a koma ɗakin taro mun tattauna abin da muka kasa tattaunawa a watanni. Daga ranar Hausa ta zama harshen aiki tsakaninmu. Su ce hatsi mu ce gero, su ce bedi mu ce darbejiya, in sun ce jika sai na tsaya na lissafa sefa dubu ce, amma ba mu taɓa neman tafinta ba. Turawan ne suka koma jira a fassara musu, kuma ban ga sun ji haushi ba. Ɗaya daga cikinsu har ta sayi ɗan littafi tana rubuta sunayen itatuwa: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya, ƙirya.

Ranar da aikin ya sauya mini fuska ita ce ranar da abokan aikinmu na Nijar suka kai ni wani ƙauye a jihar Maraɗi. Bayan mun gaida mai gari, wani dattijo ya ja mu gonarsa. Ya durƙusa gaban wani kututturen kalgo da ya yi toho cunkus, ya sa hannu yana bi ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen iri. Ya ware uku miƙaƙƙu. Sauran ya sare su daga ƙasa zuwa sama da kaifin adda don kada ɓawon ya yage, ya share ƙananan rassan ukun har wajen rabin tsayinsu, ya tara abin da ya sare gefe ya ce na murhu ne. Bai kai minti biyar ba. Sannan ya nuna mini gawo a tsakiyar gona, ana cikin damina amma ba ganye ko ɗaya a kansa, geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina duhu da tsayi. Na san bayanin a littafi: gawo na zubar da ganye da damina ya yi da rani, saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin da taki ke bayarwa, dabbobi na kwanciya a inuwarsa da rani suna cin 'ya'yansa suna barin kashi. Sanin littafi daban, tsayawa a gindinsa daban.

Na yi masa bayanin abin da muka zo aunawa. Ya saurara har na gama. Ya ce, “To Malam, Allah ya taimaka. Amma ni abin da ke hana ni barci masu saran dare ne. Ka yi shekara biyar kana renon itace, wani ya zo ya sare ya kai kasuwa.” Na ce, “Baba, da can fa me ya sa ba ku bari?” Ya ce da can itace na gwamnati ne, in ka taɓa reshe a gonarka jami'in gandun daji ya ci ka tara, to wa zai reni abin da ba nasa ba? Sai da aka sakar musu mara, ƙauyuka suka kafa kwamitin tsaro har da mata da makiyaya a ciki, sannan abin ya kama.

A mota muna komawa na ce wa abokin aikina tambayar da ya kamata mu yi ke nan: itacen cikin gona na wane ne, kuma me ya sa manomin Katsina da Jigawa ke share nasa? Ya ce shi ma abin da ke ransa ke nan tun farko, bai ga fuskar faɗa ba ne. Muka rubuta wasiƙa ɗaya, mu biyu muka sa hannu. Da ni kaɗai na rubuta, ina jin da an ce mini tsari ya riga ya wuce. Da suka ga jami'o'i biyu da murya ɗaya, sai aka zauna. An ɗau watanni ana kai-komo da masu ba da kuɗi, a ƙarshe aka yanko wani kaso daga kuɗin tafiye-tafiye aka buɗe sabon sashe na aikin, aka ce mu ne jagororinsa.

Maganar kuɗi ta ba mu wahala sosai. Tsarinsu shi ne ka kashe naka, ka kawo rasit, a biya ka. Jami'ar Turawan na da asusun da za ta ranta, tamu ba ta da shi. In kuɗin ya taso kuma sai ya bi ofis-ofis kafin ya iso hannunmu, damina kuwa ba ta jiran sa hannun kowa. Shekarar farko ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko, ba mu da kuɗin mai. Da albashina na kai ɗalibai gona sau biyu, duk da haka awon farkon damina ya wuce mu, sai wata shekara. Kuma wane rasit za ka karɓo daga mai amalanken da ya ɗauko maka buhunan ƙasa? Sai da muka ɗauki hotuna muka tura, suka yarda da takardar da mai gari zai shaida. A shekara ta biyu muka dage a riƙa turo kuɗin damina tun watan Maris.

Wurin da na fi jin zafi shi ne maganar suna. An kwashi ƙasar da ɗalibaina suka haƙo cikin rana an kai Turai an auna, bayan wani lokaci sai ga daftarin maƙala, sunayenmu na can ƙasa wurin godiya. Na kwana biyu ban ba da amsa ba don kada in rubuta cikin fushi. Da na rubuta, na lissafa musu wanda ya zaɓi gonakin, wanda ya gane cewa rabin wuraren da suka sa alama a taswira kwari ne ba jigawa ba, da wanda ya gyara takardar tambayoyi. Jagorar Turawan ta kira ni, ta ce haka suka saba ne ba su yi tunani ba, ta ba da haƙuri ba tare da kewaye-kewaye ba. Na yarda da ita, domin abin da ya biyo baya ya gaskata ta. Muka rubuta yarjejeniya shafi biyu: wanda zai shiga jerin marubuta, inda za a ajiye bayanai, da cewa duk ƙasar da za a fitar sai an bar rabinta a ɗakin gwajinmu. Wannan takarda ya kamata a ce ita muka fara rubutawa kafin a haƙa rami ko ɗaya.

Sun kawo mana na'urar awon ƙasa mai tsada, ta yi kusan shekara a rufe da leda saboda rashin tsayayyar wuta. Farantan sola da batura, da wata uku da ma'aikacin ɗakin gwajinmu ya yi a Turai yana koyon gyaranta, su ne suka tashe ta.

Ta wajen ɗalibai kuwa ba ni da abin cewa sai godiya. Mun buɗe darasi ɗaya na haɗin gwiwa ga masu digiri na biyu a jami'o'in uku. Korona ta zo a 2020, yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas ya zo a 2022, kuɗin data ya gagari yara, sai muka koma naɗar darasi a murya muna turawa ta WhatsApp. Kowane rukuni mutum uku ne, ɗaya daga kowace ƙasa, da gona ɗaya da za su yi nazari a kai. Wata ɗalibata ce ta tona babban giɓin da ke cikin takardar tambayoyinmu. Ta ce, “Malam, duk maigida muke tambaya, alhali ba shi ke zuwa itace ba.” Ta shiga cikin gidaje inda ni ba zan iya shiga ba, ta zauna da mata a bakin murhu. Su suka gaya mata wane itace ke hayaƙi, wane ke yin garwashi, nisan da yara mata ke yi kafin su cika ɗauri ɗaya, da kuɗin da ake samu a garin kuka da 'ya'yan gawo. Ita ce kuma ta gano cewa manomin da ke noma gonar aro ko ta jingina ba ya barin itace, don mai gona zai ɗauka yana shirin cinye masa gona ne. An gayyace ta ta gabatar da wannan aiki a Turai, aka hana ta biza. Abokin rukuninta na can ya ƙi karantawa a madadinta, ya sa aka haɗa ta ta bidiyo daga ofishina, ta yi bayaninta da bakinta.

Turawan ba su taka yawancin ƙauyukan ba, jami'arsu ta hana su saboda matsalar tsaro, kuma ban ga laifinsu ba, mu ma akwai hanyoyin da muka daina bi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, ba a buɗe ta gefenmu ba sai Maris 2024. Kuɗin aikin ma a tsakanin nan ya ƙare. Abin da bai tsaya ba shi ne waya tsakanina da mutanen Maraɗi. Ɗalibansu na turo wa nawa awon ruwan sama, nawa na tura musu sakamakon ɗakin gwaji, ba wanda ke biyan kowa.

Kafin a rufe iyakar mun samu mun kai manoma mota guda daga ƙauyukan da muke aiki zuwa gonar dattijon nan. Ban yi lacca ba, na koma gefe na bar su da shi. Suka yi ta jefa masa tambaya: tsuntsaye fa, ba sa taruwa su cinye gero? Inuwa fa? Garmar shanu ta ina za ta bi? Yana amsawa yana nunawa da adda. Da bazarar da ta biyo baya na je ɗaya daga cikin ƙauyukan namu, na tarar mutum huɗu sun bar toho a gonakinsu, ɗaya ya ɗaura wa kowanne jan ƙyalle don masu sara su san da mai shi. Wasu na yi masa dariya wai ya zama malalacin manomi. Ya ce mini in dawo bayan shekara uku.

Yanzu muna rubuta sabuwar takardar neman kuɗi, mu da mutanen Maraɗi. Daftarin farko da Hausa muka yi shi, muka karanta wa masu gari biyu da ƙungiyar mata ɗaya, suka cire wani abu suka ƙara wani, sannan muka juya shi zuwa Ingilishi da Faransanci. Makon jiya muka tura wa abokanmu na Turai, muka tambaye su ko za su shigo. Sun ce suna so, sun kuma nemi mu faɗa musu sashen da muke ganin ya dace su riƙe.