Mako na tara da koyon rubutun Turanci: ɗan waƙafin sama

'Yan uwana masu koyo, barkanmu da warhaka. Makon jiya ban kawo muku rahoto ba, kaya ne suka sauka a rumfa, ban samu kaina ba sai ranar Lahadi. Amma karatun bai tsaya ba. Har yanzu rabin awar nan ta bayan sallar isha'i tana nan, ni da littafina da jan biro.

Abin da ya cinye mini makonni biyun nan ƙaramin abu ne a ido, wato ɗan waƙafin nan da ake ratayawa a saman kalma, wanda ya raba its da it's, ya raba your da you're.

Ga yadda abin ya taso. Akwai wata Hajiya a Legas da take sarin atamfa da shadda a wurina a Kantin Kwari, ba ta jin Hausa sosai, don haka da Turanci muke magana a WhatsApp. Na haɗa mata kayanta, na rubuta mata: You're order is ready. Ta turo kuɗin mota, ba ta ce komai ba. Da yamma ɗan yayata da ke jami'a ya zo taya ni lissafi, idonsa ya kai kan saƙon. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Kawu, in gyara maka wani abu?" Na ce bismillah. Ya ce, "Wannan you're ɗin kalma biyu ce aka haɗe, you da are. Abin da ya kamata ka sa shi ne your, wato odarki."

Abin ya sosa mini rai, domin ba kuskuren yatsa ba ne. Da gangan nake sa alamar. A mako na biyar na koyi cewa in za ka ce shagon Musa sai ka rubuta Musa's shop, sai na riƙe cewa duk inda mallaka take, ɗan waƙafin nan yana wurin. Daren nan na bi tsofaffin saƙonnina ɗaya bayan ɗaya. Na ga inda na yaba wa wani leshi na ce it's colour does not fade, na ga inda na tambayi yaron mota who's bag is this. Duk na zagaye su da ja a littafi.

Dokar da na fahimta yanzu ita ce: suna ne yake karɓar alamar in ana maganar mallaka, kamar Musa's, the tailor's, the market's. Wakilin suna kuwa ba ya karɓa, domin mallakar tana jikinsa tun asali. My, your, his, her, its, our, their, whose, duk haka suke tsirara. Haka ma yours, hers, ours da theirs, duk da wannan s da ke wutsiyarsu mai jan hannun mutum. Abin da ya zaunar mini da its shi ne na jera shi kusa da his. Ba wanda ya taɓa tsaga his ya cusa masa alama a tsakiya, to its ɗan ɗakinsu ne.

In ka ga alamar a jikin it's ko you're ko they're ko who's, to shaida ce cewa an cire harafi an ninke kalma biyu wuri ɗaya. Mu 'yan yadi mun san abin da ake yi wa ninkakken kaya in ana shakkarsa, warware shi ake yi a kan tebur a duba. Haka nake yi wa jimla yanzu. It's colour, in na warware ya zama it is colour, magana ta karye, ke nan its ake so. It's raining ya zama it is raining, ya zauna daram. Sai dai a kula, wani lokaci has ne a ninke a ciki, kamar it's been two weeks. Wannan ya ɓatar da ni kwana biyu kafin na gano.

Amma abin da na fi so in ba ku yau daga Hausarmu ya fito. Ina kwance sai ya faɗo mini cewa mu ma muna da irin wannan rikicin sak. Dubi nasa da na sa. Wandon nasa ne, kalma ɗaya, mallaka. Na sa wando, kalma biyu, mai aiki da aikinsa. Haka tasa da ta sa. Mutane da yawa suna cakuɗa su a rubutu, kamar yadda ake rubuta gidan sa a rabe alhali gidansa ne a haɗe, ko shine a maimakon shi ne. Kunne yana jin abu kusan ɗaya, hannu sai ya bi kunne. Bature ma abin da ke damunsa ke nan: ya ji kalmomin tun yana goye kafin ya ga yadda ake rubuta su, kuma its da it's sautinsu ɗaya ne, babu bambanci ko kaɗan. Shi ya sa za ka ga haifaffen Ingila ko Amurka ya rubuta your welcome a Facebook. Na daɗe ina kwaikwayon irin waɗannan rubuce-rubucen da zaton duk abin da mai harshe ya rubuta daidai ne.

Mu kuwa muna da wata dama da su ba su da ita. In na tsaya a kan jimla, sai in faɗe ta da Hausa a zuci. In bakina ya kawo odarki, launinsa, kayansu, jakar wa, to mallaka ce, babu alama. In ya kawo kina, yana, suna, wane ne, to kalma biyu ce, alama ta hau. Kayansu sun iso, their goods have arrived. Suna hanya, they're on the way. Hausa ba ta taɓa haɗa mini waɗannan biyun ba, kuma tun da na fara wannan dabarar jan birona ya samu hutu a wannan fannin.

Wani abu kuma da ya kwantar mini da hankali shi ne tarihin kalmar. Its ba tsohuwa ba ce can can a Turanci, sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 ta fara bayyana, kafin nan his ake cewa har ga abin da ba mutum ba. Da ta shigo, marubuta da yawa da alamar suke rubuta ta, bisa irin lissafin da na yi da Musa's. Thomas Jefferson ma, a daftarin da ya rubuta da hannunsa na sanarwar 'yancin kan Amurka a 1776, it's ya sa a wurin mallaka. Daga baya ne aka tsayar da ƙa'idar da muke bi yau. Wannan bai sa in yi sake ba, domin wanda zai karanta takardata da ƙa'idar yau zai auna ni, amma na gane cewa tunanin da ya kai ni ga kuskuren yana da tushe.

Inda nake da sauran aiki wuri uku ne. Whose da who's har yanzu sai na tsaya na warware, hannuna bai saba ba. Sai there, wadda ta shiga tsakanin their da they're alhali ita wuri take nunawa. Na lura here na cikinta, da haka nake riƙe ta. Na ukun ita ce waya. Sau da yawa ina rubuta its daidai sai ta mayar mini da shi it's da kanta, don haka na shiga saitin allon rubutu na kashe gyaran nan na kai tsaye, gara in yi kuskurena in gani. Akwai kuma one's, kamar a one's own shop, wanda yake ɗaukar alamar duk da wakilin suna ne. Na rubuta shi shi kaɗai a bangon littafi.

Aikin wannan makon: kullum jimla biyar daga abin da ya faru a rumfa, kowacce da ɗaya daga cikin kalmomin nan, in rubuta Hausarta a ƙasa. Mai son mu yi tare ya fara da wadda na tura wa Hajiya jiya da safe, bayan na karanta ta sau biyu: Your lace is here, and it's the colour you asked for.